Miyar dankali da naman sa da cuku: me ya sa cukun ya dunƙule, mai ya taso sama?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin girki ku taimaka min. Jiya na gwada miyar dankalin turawa da niƙaƙƙen naman sa da cuku, irin mai kaurin nan da ake sha da cokali. Na soya naman da albasa, na zuba ruwan nama da dankali suka dahu, na tsiyaya madara, tukunyar tana tsaka da tafasa na juye cuku cike da ƙaramin kwano, na rufe na ba ta kamar minti 10 don ya narke sosai. Da na buɗe sai na tarar da mai rawaya ya kwanta a sama, cukun kuma ya tattaru a gindin tukunya, in na ɗago ludayi sai ya biyo shi yana jan zare kamar roba. Ruwan miyar kansa ya yi yashi-yashi a harshe. Yara sun tsince dankalin da naman sun ci, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don na daɗe ina yi musu alkawarin wannan miyar. Ina kuskuren yake? Cukun ne ba shi da kyau, ko hannuna ne?

Anti_Bilki:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ba hannunki ba ne, wuta ce ta yi miki wannan aikin. Cuku ba ya son tafasa ko kaɗan. Shi ne na ƙarshe da ke shiga tukunya, kuma sai an kashe wuta, an bar ɓararrakar ta kwanta tukuna. Ki riƙa barbaɗa shi kaɗan-kaɗan, cikin tafin hannu ɗaya, kina juyawa, sai wanda kika zuba ya ɓace cikin miyar sannan ki ƙara wani. Minti 10 ɗin nan da kika rufe tukunya a kan wuta, nan aka yi ɓarnar.

Sadiya_M:
Ni ma haka ta taɓa faruwa da ni, har sau biyu. Ina nan ina bibiya.

Maman_Iman:
Na gode Anti Bilki. Wallahi ni tunanina in wuta ta fi yawa zai fi saurin narkewa. Ashe akasin haka ne.

Malamin_Kimiyya:
Bari in ƙara a kan abin da Anti Bilki ta faɗa, don in kin san dalilin ba za ki sake mantawa ba. Cuku haɗin abu uku ne: ruwa, kitse, da furotin ɗin madara da ake kira kasin. Furotin ɗin nan kamar raga yake, shi ke riƙe da ƙananan ɗigon kitse da ruwa a wuri ɗaya. In ya ji ɗumi matsakaici sai ragar ta saki jiki, cukun ya malale. Cukun cheda, misali, tun wajen digiri 65 a ma'aunin Selshiyas ya riga ya narke, shi kuwa ruwa sai ya kai 100 yake tafasa. Kin ga tazarar ke nan. In zafin ya wuce ƙima sai ragar ta matse kanta, kamar yadda ake matse jiƙaƙƙen tsumma, ta fitar da kitsen da ruwan waje. Man da kika gani a sama kitsen cukun ne da ya kuɓuce. Robar da ke gindin tukunya kuma furotin ne da ya ƙanƙame juna. Yashi-yashin da kika ji a harshe su ne ƙananan gudajinsa, wataƙila har da na madarar, tunda ita ma ta sha tafasa.

Ummu_Haidar:
Maman Iman wane irin cuku kika sa? Wannan ma abin dubawa ne. Maganar jan zaren nan ta sa ina zargin mozarela ce.

Maman_Iman:
Haɗawa na yi, rabi cheda rabi mozarela, kuma irin wanda aka riga aka gurza ne a cikin leda.

Ummu_Haidar:
To ai ga shi nan. Mozarela an yi ta ne don ta ja zare, a saman abincin da ake gasawa take kyau, ba a cikin ruwa ba. Duk yadda kika lallaɓa ta sai ta naɗe miki ludayi. Shi kuma gurzajjen na leda ana barbaɗa masa garin sitaci ko wani gari na daban don kada ya manne da juna, shi ya sa ba ya narkewa sumul kamar wanda kika gurza da hannunki. Ni dai tun da na koma amfani da cukun nan da aka sarrafa, mai zuwa falle-falle, ban sake ganin miyata ta rabu ba. Ko ta ɗan tafasa ba abin da take yi.

Baban_Yusra:
Hajiya Ummu Haidar, a nan kam ban bi ki ba. Wannan na falle-fallen santsi gare shi amma ba ƙamshi. In mutum ya ɓata lokaci ya dafa nama mai kyau, ya kamata ya ji ɗanɗanon cuku na gaske a kai, wanda ya kwana biyu ya yi ƙarfi. Ni cheda nake saye dunƙule, in gurza da kaina. Kuma tunda an taɓo nama, ni ban yarda da niƙaƙƙe a wannan miyar ba. Naman kafaɗa nake yankawa ƙanana kamar kan babban yatsa, mai ɗan jijiya da kitse a jiki. In soya shi ya yi ja, in bar shi a ƙaramar wuta awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin dankali ya shiga. Jijiyar nan narkewa take yi ta ba romon jiki, har ka ji leɓenka yana ɗan mannewa. Niƙaƙƙen nama ba zai taɓa ba ka wannan ba.

Ummu_Haidar:
Baban Yusra, wanda ya dawo daga aiki da yamma yara suna jiransa ba shi da awa biyu. Niƙaƙƙe cikin minti 40 an gama komai. Kowanne da ranarsa.

Malamin_Kimiyya:
Dukkanku akwai gaskiya a maganarku. Abin da Baban Yusra ke ji a leɓe jelatin ne, wanda kolajin ɗin jijiya ke komawa in ya daɗe yana dahuwa a hankali. Shi kuma cukun Ummu Haidar ba sihiri ba ne ya hana shi rabuwa. Ana sa masa wani gishiri na musamman, irin su sodiyam sitiret, wanda ke janye kalsiyam ɗin da ke ɗaure furotin ɗin wuri ɗaya, sai furotin ya bazu ya rungume kitsen da kyau. A ƙasar Suwizalan aka fara wannan dabarar a 1911, Walter Gerber da Fritz Stettler suka yi ta da cukun Emmental, sannan James Kraft ya yi rajistar tasa hanyar a Amurka a 1916. Burinsu a lokacin cuku ya jure tafiya da ajiya ba tare da ya lalace ba. Amfanin wannan gare mu a kicin shi ne ba dole sai ka zaɓi ɗaya ba. Ka fara narkar da falle biyu ko uku na sarrafaffen a cikin miyar, gishirin da ke cikinsa zai taimaki chedan da za ka zuba daga baya. Sai ka sami santsin wancan da ƙamshin wannan.

Baban_Yusra:
Malam, wannan dabarar ban taɓa jin ta ba. Falle biyu dai zan iya haƙuri da su. Zan gwada.

Kuku_Ɗanlami:
Na karanta duka. Kashe wuta daidai ne, amma akwai abin da ba a ambata ba, kuma a wurina shi ne ginshiƙin miyar. Maman Iman ba ki ce kin sa fulawa ba. Ruwa tsararo ba ya riƙe cuku, dole sai da sitaci a ciki da zai shiga tsakanin furotin ɗin ya hana su haɗuwa. Ga yadda nake yi wa mutum shida.

Nama giram 500. Tukunya mai kaurin gindi, ta yi zafi sosai kafin naman ya taɓa ta. Ki shimfiɗa shi ki ƙyale shi, kada ki fara juyawa nan take. Minti 3 ko 4 za ki ji ƙarar suyar ta canza, ƙamshi ya tashi, ƙasan ya yi launin ƙasa-ƙasa. Sannan ki farfasa shi. In kin cika tukunya da nama lokaci ɗaya ruwa zai fitar, ya dahu fari fat ba ɗanɗano, don haka in tukunyar ƙarama ce ki raba shi biyu. Ki kwashe, ki rage man ya saura kamar cokali ɗaya. A cikin wannan man za ki soya albasa babba ɗaya, karas biyu, da seleri in kina da shi, sai sun yi laushi, tafarnuwa ta shiga a minti na ƙarshe don saurin ƙonewa gare ta. Ki zuba ruwan nama lita 1, ki kankare duk abin da ya kama a gindin tukunyar da cokalin katako, don rabin daɗin miyar yana nan. Dankali giram 700 zuwa 800, yankan murabba'i daidai wa daida, da naman, a ƙaramar wuta minti 12 zuwa 15.

Suna dahuwa sai ki ɗora wata ƙaramar tukunya, bota giram 40 ta narke, fulawa giram 40 ta bi ta, ki yi ta juyawa minti 2 har warin ɗanyen gari ya tafi amma kada ta yi ja. Ki tsiyaya madara kamar kofi ɗaya da rabi a hankali kina burgawa har ta yi kauri ba gudaji. Ki juye wannan cikin babbar tukunya, su ɗan tausa tare minti 3. Sai a kashe wuta, a ƙirga minti 2, cuku giram 200 zuwa 250 ya shiga yadda Anti Bilki ta ce. Gishiri a ƙarshe, bayan cuku.

Maman_Iman:
Allah Ya saka da alheri Kuku. Gaskiya ban sa fulawa ba, na ɗauka dankalin zai wadatar. Na kwafe wannan a littafina.

Hajiya_Kaka:
'Yata, ai dankalin ma yana wadatarwa in an san kansa. Ni shekaruna sun ja, cikina ba ya son fulawa da bota da yawa. Abin da nake yi, in dankalin ya nuna sai in kwashi ludayi biyu a kwano, in murƙushe shi da bayan cokali mai yatsu har ya yi laushi, in mayar cikin tukunya. Nan da nan za ki ga miyar ta haɗe jikinta. Cukun kuma kafin in zuba, nakan barbaɗa masa cokali ɗaya na garin sitacin masara in cakuɗa da yatsu. Ban taɓa ganin ya rabu ba. Kuma a fito da shi daga firij tun ana feraye dankali, ya huce sanyinsa. Abin da ya fito daga sanyi ya faɗa cikin zafi kai tsaye firgita yake yi. Girkin nan ba ya son gaggawa, sannu ba ta hana zuwa.

Amarya_Zee:
Hajiya Kaka, in na sa dankalin a blanda fa? Ba zai fi laushi ba?

Kuku_Ɗanlami:
Amarya kada ki kuskura. Wuƙar blanda tana fasa ƙwayoyin sitacin dankali, sai ya koma yauƙi kamar gam. Hannu ya fi, yadda Hajiya ta ce.

Anti_Bilki:
Akwai kuma bambanci tsakanin dankali da dankali, wanda mutane ba su cika lura ba. Wani garin-gari ne, in ya dahu sai ya fashe ya narke, irin wanda Turawa ke kira raset, mai kaushin bawo. Wani kuma danƙo gare shi, ko ya daɗe a wuta yana nan da siffarsa, yawanci ƙanana masu santsin bawo ko jajaye. Na farkon shi ke ba da kauri, na biyun shi ke ba ka abin taunawa. In na samu duka biyun haɗa su nake yi. In ba ki san wanne ke hannunki ba, ki yanka ɗaya ki duba wuƙar: in ta yi farin ruwa-ruwa mai kama hannu sosai, mai sitaci ne, ki rage masa lokaci a wuta ko ki yanka shi manya.

Ɗalibi_Abba:
Sannunku iyayena. Ni ɗalibi ne, tukunya ɗaya gare ni da ƙaramin risho, ba firij. Madarar gwangwani kawai nake iya ajiyewa. Za ta yi?

Kuku_Ɗanlami:
Abba, za ta yi, har ma ta fi madarar ruwa jure wuta. Madarar gwangwani marar sukari an ƙafar da kusan kashi 60 cikin 100 na ruwanta, kuma an riga an dafa ta da zafi mai yawa wajen sarrafawa, don haka ba ta saurin tsinkewa. Ka dai duba gwangwanin da kyau kada ka ɗauko mai zaƙin nan mai kauri. Tunda tukunyarka ɗaya ce, bayan albasa ta yi laushi ka barbaɗa fulawa cokali biyu a kanta, ka juya minti 2, sannan ka zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Sai dai ka riƙa juyawa lokaci-lokaci don miya mai fulawa tana saurin kamawa a ƙasa.

Nas_Rabi:
Abba, ɗana, maganar rashin firij ɗin nan ce ta tsayar da ni. Ka dafa daidai cikinka kawai. Miyar da ta haɗa nama da madara da dankali ba a barin ta a waje fiye da awa 2, in ana tsananin zafi ma, sama da digiri 32, awa 1 ne. Kada ka ce za ka bar ta a tukunya ta kwana ka ɗumama da safe, akwai ƙwayoyin cutar da gubarsu ba ta mutuwa da ɗumame. Masu firij kuma, a juye ta a faffaɗan mazubi marar zurfi don ta yi saurin hucewa, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. Sannan ga masu niƙaƙƙen nama: ya dahu har ciki, digiri 71 ake so, domin niƙa yana kai ƙwayoyin cutar da ke bayan naman zuwa ko'ina a cikinsa. A miya dai wannan ba matsala ba ce tunda zai tafasa da dankali, amma kada a ɗanɗana shi yana rabin suya.

Ɗalibi_Abba:
Na gode Mama, da kuwa niyyata ke nan in yi ta kwana biyu. Zan rage.

Sadiya_M:
To ni a nan nake da tambaya. An ce kada ta tafasa, Nas kuma na san za ta ce a ɗumama abinci ya yi zafi sosai. Yaya za a haɗa biyun? Tawa ranar farko lafiya lau take, washegari wajen ɗumame ne take rabuwa.

Nas_Rabi:
Digiri 74 ake so ragowar abinci ya kai, ba sai ya yi ta ɓararraka ba. Tururi ya tashi sosai, ko'ina ya ɗau zafi har tsakiya.

Anti_Bilki:
Sadiya, ƙaramar wuta, ki ƙara madara kaɗan tun tana sanyi, ki tsaya a kanta kina juyawa. In akwai fulawa ko sitaci a ciki za ta jure wannan zafin. Amma ni abin da na fi yi, in na san za a rage, sai in ɗebi rabon gobe tun kafin cuku ya shiga. Gobe in ɗumama shi yadda nake so, in kashe wuta, in sa sabon cuku. Kamar yanzu aka dafa. Firiza kuwa ban ba da shawara ba, dankalin yana komawa kamar soso, madarar ta yi tsaki-tsaki.

Baban_Yusra:
In za a sa a firiza, a sa naman da romonsa kawai. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son yankakken nama: in dafa da yawa rana ɗaya, in raba, duk ranar da ake so sai dankali da cuku kawai. Ummu Haidar kin ga an biya miki maganar awa biyu.

Ummu_Haidar:
Wannan kam na karɓa, Baban Yusra.

Amarya_Zee:
Ni tawa matsalar gishiri ce. Na yi wa maigidana ita makon jiya, santsi ya yi daidai amma gishiri ya haura. Na tuna an ce a jefa ɗanyen dankali ya tsotse, na jefa biyu, ban ji wani sauyi ba.

Hajiya_Kaka:
Mu dai haka muka taso muna ji, kuma ina yi.

Malamin_Kimiyya:
Hajiya, da girmamawa, dankalin yana shan ruwan miyar ne tare da gishirinsa, ba ya zaɓar gishirin shi kaɗai. In kin cire shi, ruwan da ya rage gishirinsa na nan kusan yadda yake. Abin da ke aiki shi ne ƙara abin da ba gishiri: ruwa, madara, da dankalin da za a bari a ciki a ci. Amarya, ina jin kin sa gishiri tun farko ne kamar sauran girki. Wannan miyar gishiri ta hanya uku yake shigo mata, ga na ruwan nama ko dunƙulen magi, ga na bota in mai gishiri ce, ga na cuku, wanda shi kansa da gishiri ake yin sa. Shi ya sa Kuku ya ce a bari sai ƙarshe.

Hajiya_Kaka:
To Malam, na ji. Amma in na bar dankalin a ciki ai maganata ba ta faɗi ba.

Malamin_Kimiyya:
Ba ta faɗi ba Hajiya, in an bar shi a ciki ya ƙara yawan abincin, gishirin ya rabu.

Umar_Direba:
Ni nakan sa tumatir a tawa don launi. Ba wanda ya ambace shi, ko laifi ne?

Kuku_Ɗanlami:
Ba laifi ba ne Malam Umar, amma a yi hattara da shi ta fuska biyu. Tsaminsa yana iya tsinka madara, kuma dankali yana jinkirin nuna a cikin ruwa mai tsami, sai ka ga minti 30 bayansa da tauri. In kana so, cokali ɗaya na tumatirin gwangwani ka soya shi da albasa har ya yi duhu, tsamin ya mutu. In launi kawai kake nema, karas da garin jan tattasai marar yaji sun isa. Ni abin da nake ƙarawa don ɗanɗanon cukun ya fito shi ne rabin ƙaramin cokali na mustad da ɗan masoro. Ba za a ji mustad ɗin ba, cukun ne za a ji ya ƙara ƙarfi.

Nas_Rabi:
Tunda ana maganar dankali, wanda bawonsa ya yi kore ko ya fara tsiro a yanke wurin da zurfi, in koren ya yi yawa ko yana ɗaci a zubar. Akwai guba a ciki mai suna solanin, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. A ajiye dankali a wuri mai duhu da iska.

Sadiya_M:
Mu koma kan tambayar Maman Iman. In abin ya riga ya faru, cuku ya rabu, akwai ceto ko sai haƙuri?

Anti_Bilki:
Ya danganta da inda ta kai. In yanzu ta fara, kin ga ɗigon mai yana tasowa, sauke ta maza, ki zuba madara mai sanyi kaɗan ki burga da ƙarfi, sau da yawa tana dawowa. In ta yi yashi-yashi, ki tsame nama da dankali gefe, ki sa ruwan kaɗai a blanda da falle ɗaya na sarrafaffen cuku, ki bar murfin da ɗan buɗi ki dafe da tsumma saboda tururi. Zai gyaru sosai ko da bai koma kamar farko ba. Amma in ya zama roba irin na Maman Iman, wannan ba ya komawa. A tsame shi, a kwashe man sama da cokali, a sa sabo.

Baban_Yusra:
Wani abu kuma da ni kaina sai da na yi asara kafin na gane: chedan da ya daɗe sosai, mai ƙarfin nan da ke farfashewa in an yanka, ya fi saurin rabuwa, don ruwan jikinsa kaɗan ne. Matsakaici ya fi narkewa lafiya. Yanzu kashi biyu matsakaici nake sawa a tukunya, kashi ɗaya mai ƙarfin in barbaɗa a saman kwanon kowa.

Maman_Iman:
'Yan uwa na dawo da labari. Yau na sake yi. Na sayi cheda dunƙule na gurza da kaina, na bar mozarela. Na bi hanyar Kuku ta bota da fulawa, na kuma murƙushe dankali ludayi ɗaya kamar yadda Hajiya Kaka ta ce. Na kashe wuta, na tsaya ina kallon agogo har minti 2, sannan na fara barbaɗawa. Wallahi ina juyawa ina ganin yana ɓacewa, miyar tana sauya launi daga fari zuwa ruwan ƙwai, ba ɗigon mai ko ɗaya. Na ja yatsa a bayan cokali, layin ya tsaya bai rufe ba. Ƙaramar 'yata har da neman ƙari. Abu ɗaya dai, ta yi kauri fiye da yadda nake so, kafin a gama ci cokali yana iya tsayawa a ciki.

Kuku_Ɗanlami:
Madalla. Kin haɗa kauri biyu ne, na fulawa da na dankali, kuma tana ƙara kauri in tana hucewa. Ki zaɓi ɗaya, ko ki rage fulawa da bota zuwa giram 25. Ki kuma ajiye kofi ɗaya na ruwan nama mai zafi a gefe don sassautawa.

Hajiya_Kaka:
Barka 'yata. Ni dai da za ki ji tawa, ki bar fulawar gaba ɗaya ki gwada dankalin shi kaɗai sau ɗaya, ki ji yadda ɗanɗanon naman ke fitowa.

Ummu_Haidar:
Ni kuma har yanzu ina kan falle biyun nan, ko don ranar da yaro zai kira ki ki manta tukunya a wuta.

Baban_Yusra:
Saura yankakken nama, Maman Iman. Ranar da ba ki da sauri.

Maman_Iman:
In sha Allah duk zan gwada, ɗaya bayan ɗaya. Baban Yusra, in da yankakken naman ne, lita 1 ɗin ruwan za ta isa awa biyun, ko sai na ƙara?

Baban_Yusra:
Ki fara da lita ɗaya da rabi, ki rufe tukunyar ki bar 'yar kafa. Kafin dankali ya shiga ki duba, ruwan ya rufe naman da kamar gaɓar yatsa biyu.